Alleluyar Baba Bitrus

Baba Bitrus ya yi shekara ashirin da shida yana aiki a masaƙa a Kakuri. Ƙarar injuna ta cinye masa kunne, amma ta bar masa murya. A cocinsu na unguwar Romi, shi ke ta da Alleluya kafin a karanta Bishara. Yakan ce wannan ba waƙar cika lokaci ba ce, gaisuwa ce: Ubangiji zai yi magana, sai a miƙe a yi masa maraba.

Matarsa, Mama Saratu, ita ce kunnensa. Kullum tana damansa. In lokaci ya yi, sai ta taɓa masa gwiwar hannu. A kwana arba'in na Azumi kuwa, da ake ajiye Alleluya sai Ista, riƙe masa hannun riga take yi.

"Baban Emmanuel, haɗiye ta," takan ce a kunnensa. "Ba ruɓewa za ta yi ba."

Ta rasu bayan Kirsimeti. 'Ya'ya suka koma wuraren aikinsu. Ranar Larabar Toka, da aka shiga Azumi, yana kwance da zazzaɓi, har kwanaki suka rikice masa. Ran Lahadi ya je coci, yana ganin mai karatu ya sauko, sai ya miƙe ya saki Alleluya da iyakar ƙarfinsa. Ba wanda ya amsa. Da ya duba, ga Fada cikin rigar Azumi, ga mawaƙa sun sunkuyar da kai.

Bai sake zuwa ba. Lahadi biyar yana zaune a ƙofar ɗaki, yana kallon masu wucewa da littafin addu'a.

Safiyar Ista, maƙwabcinsa Cyril makanike ya tsaya da babur.

"Baba, hau mana! Wadda ka saki da wuri, yau ake nemanta."

"Wa zai gaya mini lokaci?"

"Ni. Hannuna bai kai na Mama laushi ba, amma zai yi."

A coci Cyril ya zauna a hagunsa. Da lokaci ya yi, ya zungure shi kamar mai tura mota. Baba ya miƙe, ya ta da Alleluya. Amsar jama'a bai ji ta da kunne ba, a katakon benci ya ji ta, ƙarƙashin tafin hannunsa.

Da aka gama, ya juya dama yadda ya saba, don a gyaɗa masa kai. Jakar wata mata ce a wurin.

Ya gyara tsayuwa, ya zuba wa bakin Fada ido don ya bi Bishara.