Mijinyawa Ya Kai Kantinsa Ƙauye

Mijinyawa taubashina ne, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ni ƙara. A Ruwan Bago aka haife shi, ya tashi yana bin shanun mahaifinsa, amma kiwo bai karɓe shi ba. Saniya in ta yi tari, shi ne zai wuni da ciwon kai. Ya taho Karaye ya kafa tebur, daga ashana da sabulu har Allah ya kai shi ga kanti sosai, mai shinkafa da sukari da fulawa da man girki. Shagon ɗinkina yana jikin nasa, bango ne kawai ya raba mu.

Ban taɓa ganin mai tsoron asara irinsa ba. Idan ya kulle kanti ya tafi, sai ya kai bakin titi ya dawo ya girgiza kwaɗon, ya tafi, ya sake dawowa. Matarsa Sauda ta ce ko fita unguwa za su yi, sai ta gama shiri ta zauna jiran ya gama gaisawa da ƙofa. Shi kaɗai ne a layinmu ya yi inshora. Wani ma'aikacin kamfani mai suna Lukman ne ya zo daga Kano, ya yi mana bayanin cewa in gobara ta ci kanti, ko ɓarayi suka fasa, ko aka wawushe shi a tarzoma, za a biya diyya. Mu muka ce za mu yi shawara, shi ko ya biya nan take. Daga ranar ba mu sake hutawa ba, kullum sai ya yi mana gorin cewa mu kara zube muke zaune.

Sai ga daminar da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a birni. Wayoyi suka cika da hotunan shagunan da aka fasa. A layinmu dai ko tsakuwa ba a jefa ba, sai jita-jita, amma Mijinyawa ya kasa cin abinci. Na tuna masa da inshorar da ya dame mu da ita, ya ce takarda ba za ta tsaya a bakin ƙofa da sanda ba. Ya ɗauko a-kori-kura, ya kwashe kusan duk abin da ya tara a rayuwarsa, ya nufi Ruwan Bago.

A nan ya tafka ta. Ba ya son a ce tsoro ya koro shi daga gari, kuma ba ya son jibge kayan a gida ɗaya kada ido ya yi yawa. Sai ya bi gidajen dangi yana saukewa, buhu nan, katan can, mafi yawa a gidan yayarsa Barira, wadda ta goya shi yana ƙarami. Duk inda ya sauke, abin da yake faɗa ɗaya ne, murya ƙasa-ƙasa: "A shigar da wannan ciki, kada kowa ya ji."

Don Allah fa! Lokacin da rumbuna suka yi fayau, sabon hatsi bai nuna ba, ɗan'uwa ya zo daga gari da shinkafa, yana sunkuyar da kai yana cewa kada kowa ya ji. Haka masu kyauta don Allah suke yi a wajenmu. Kalmar ajiya ba ta fito daga bakinsa ba, kuma su ma kunya ba za ta bar su su tambaya ba. Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni.

Da ƙura ta lafa na raka shi ɗauko kayan. Tun daga bakin gari na san da magana, don tsofaffi ke miƙewa suna gaishe shi. Liman ya zo da kansa ya yi masa addu'a mai tsawo, ya ce ko hannunsa na hagu bai san abin da na dama ya yi ba. A gidan Barira muka tarar da buhunan an wanke an shanya a kan danga. Ta riƙe hannunsa tana hawaye, tana sa masa albarka, ta ce har maƙwabta sun samu. Mijinyawa yana ta amsa amin, gumi na zuba kamar wanda ya taso daga huɗa. Ni na koma bayan rumbu don kada dariya ta tona mana asiri. A-kori-kura ta dawo da mu biyu da kaza guda da aka ba shi tukuici.

Dariyar ba ta daɗe ba, domin kanti ya zama kango, Sauda da yara kuma da shi suke ci. Na ce mu je Kano mu gwada neman diyya, tun da tarzomar ce sanadi. Lukman ya karɓe mu da mutunci, aka gaisa, aka tambayi iyali da damina. Ya tambaya ko an fasa kantin, muka ce lafiyarsa ƙalau. Ya yi mana bayani a hankali cewa kayan da ke cikin kanti aka yi wa inshora, da a ce an bar su a nan aka wawushe, da magana ta ƙare. Da ya ga yadda fuskar Mijinyawa ta koma, sai ya ce zai iya miƙa batun sama ya gani, ko da yake bai yi alkawari ba, amma sai an kawo rahoton 'yan sanda, da sunan waɗanda suka ɗauki kayan.

"A hannun wa suka salwanta, Alhaji?" in ji Lukman.

Mijinyawa, mutumin da ke bin ashana ɗaya in ta faɗi ƙarƙashin kantar shago, sai ga shi ya miƙe yana gyara hula.

"Ba su salwanta ba, Malam Lukman. Ci aka yi."

A motar komawa na shirya tsiya iri-iri da zan yi masa, amma na ga idonsa ya kaɗa, sai na haɗiye. Da muka wuce Gwarzo sai ya juyo wajena. Ya ce ba kayan ne ke cin ransa ba. Da Barira ta raka shi bakin zaure, ta gaya masa ranar da ya zo da shinkafar nan, jikokinta ganyen tafasa suka ci da gishiri suka kwanta, kuma ba ranar suka fara ba.

"Yayata ce fa," ya ce. "Ni ban sani ba. Ba don tsoro ya kai ni ba, da har yau ban je ba."