Biron da Tela Dogo Ya Hana a Ɗaga

Tela Dogo ya rasu ranar Laraba, tara ga watan Yuni, yana da shekara sittin da takwas a duniya. Arba'in da ɗaya daga cikinsu ya yi su ne a kan keken ɗinki, a shago na ƙarshe a titinmu, bango ɗaya da na Mai Aski. Mutum ne marar yawan magana. Ban taɓa mayar masa da ɗinki don gyara ba, alhali kuwa ni ba mai saurin gamsuwa ba ce.

Shekara huɗu kafin rasuwarsa hannunsa na dama ya soma rawa. Da fari ya ɓoye, yakan ce idonsa ne ya raunana, ya miƙa wa matarsa allura ta zura masa zare. Ranar da almakashi ya kauce ya ɓata wa wata mata yadinta, sai ya lulluɓe keken da mayafi, ya kulle shagon, ya koma gida. Wata shida ya yi yana zama a benci a ƙofar gida, hannun nan na cikin aljihu ko da gaisuwa ake yi.

Matarsa ce ta ba ni labarin abin da ya tashe shi daga bencin. Suna jiran likita, ya ɗora biro a bayan katin asibiti don ya rage zaman banza. Nan ya lura cewa muddin bakin biron yana manne da takarda, hannun yakan lafa. Da ya ɗaga, rawar ta dawo. Kafin a kira su ya zana teburin ma'aikaciyar jinya, da ita kanta, da fankar da ke samanta, duk bai ɗaga biron ko sau ɗaya ba. Daga ranar takarda ta daina zama lafiya a gidan.

A farkon titinmu akwai wani ƙaramin ɗaki, tsohon sito, wanda ƙungiyar unguwa ta mayar wurin nuna zane-zane. Taga biyu gare shi, da tebur uku, da fanka mai ƙara. Duk wata uku ake sauya abin da ke rataye. Mai kula da shi Akawu ne, wanda ya yi ritaya bayan shekara talatin da biyar a ofis. Ni kuwa nawa aikin shi ne rubuta katin bayani da ake liƙawa kusa da kowane zane.

Saura mako shida a buɗe sabon nuni, Tela ya shigo da nannaɗen takarda mai ruwan ƙasa a kafaɗa, irin wadda teloli ke yanka samfurin riga da ita.

"Bango ɗaya nake so," in ji shi. "Zan zana titin nan kaf, shago ashirin da uku da masu su a ciki. Biron ba zai rabu da takarda ba tun daga shagon farko har na ƙarshe."

Akawu ya zare tabarau. "To, Dogo, barci fa? Ko da biron za ka riƙa kwana a hannu?"

Tela ya shimfiɗa takardar a kan tebur. Ya buɗe jaka ya fito da tsohon dutsen guga wanda ya ɗaure wa awartaki da roba. Ya dasa biro a kan takarda, ya matso da dutsen, ya sa bakin awartakin ya kama biron, sannan ya janye hannunsa. Biron ya tsaya cak, bakinsa na kan ɗigon da ya tsaya.

Aka haɗa masa teburan uku. Kullum da safe yakan tsaya gaban shago ɗaya kamar rabin awa, yana kallo kawai, sannan ya dawo ya karɓi biron daga bakin awartaki. Layin yakan shiga ta ƙofa, ya zagaya kanta, ya hau jikin mai shago, ya fita ta taga, ya bi wayar lantarki zuwa shago na gaba. Ba gogewa, ba komawa baya. Da hancin mai gyaran agogo ya yi tsawo, haka ya zauna, kuma mutumin ya zo har sau biyu yana ƙorafi.

Mai Aski ma ba a bar shi a baya ba. Yakan leƙo ta taga da tawul a kafaɗa.

"Kai, Dogo, ni da muke bango ɗaya, ni za ka bari sai kusan ƙarshe?"

"Haka titi ya jera ku. Ba ni na jera ba."

"To in ka iso, ka rage mini tumbi."

"Ka rage shi da kanka. Kana da sauran wata guda."

Saura kwana goma sha ɗaya, an gama shago goma sha shida, abin ya faru. Akawu yana share ɗakin da safe, waya a kunne, sai idonsa ya faɗa kan biro a buɗe. Hannun da ya shekara talatin da biyar yana rufe kowane biro da ya gani a ofis bai nemi izininsa ba. Ya zare shi, ya ɗauki murfin da ke gefe ya rufe. Sai da ya ji ƙas ɗin murfin ya gane abin da ya aikata. Ya cire murfin, ya mayar da biron daidai kan ɗigon, yadda ko mai madubin likita ba zai gane ba, kuma ba wanda ya gan shi. Da na shigo don rubuta katuna, na same shi zaune a kujera, tsintsiya a cinya.

Da Tela ya iso, Akawu ya miƙe tsaye kamar ɗalibi gaban shugaban makaranta, ya faɗi abin da ya faru bai rage komai ba. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ai ba kai ka ɗaga ba, Dogo, ni ne. Laifina ne. Ci gaba da aikinka."

Tela ya daɗe yana duban takardar. Sai ya juyo wurina.

"Malama, me kika rubuta a katina?"

Na karanta masa: "Titinmu, da layi ɗaya tak. Ba a ɗaga biro ba."

"Yanzu haka ne?"

Na so in ce wani abu dabam, domin ina ganin yadda hannun ke kaɗawa a gefen rigarsa. Amma na ce, "A'a, ba haka ba ne."

Ya gyaɗa kai, ya cire biron da kansa, ya nannaɗe aikin kwana talatin, ya ɗaure da tsumma, ya jingine a lungu. Matarsa, da labari ya kai mata, ta zo ko takalmi ba ta sa daidai ba.

"Maigida, don Allah wa zai sani? Likita cewa ya yi ka riƙa hutar da hannun nan."

"Na hutar da shi wata shida, kin ga abin da na zama. Akwai sauran takarda a bayan kabad. Aiko mini da ita."

Ta ce, "Ba mai ɗauko ta sai ni. Kada wani ya lanƙwasa ta, ka ce sai an sake."

Zagaye na biyu ya fi sauri, domin ido ya riga ya san shagunan. Shago biyu yake yi a rana, wani lokaci ɗaya da rabi. Matarsa takan kawo ruwan ɗumi a roba ya tsoma hannun tsakanin shago da shago. Akawu ya daina shara a ɓangaren teburan sam, ya ja igiya ya kewaye su. Hancin mai gyaran agogo ya sake fitowa da tsawonsa, abin da ya tabbatar wa kowa cewa ba kuskure ba ne.

Ranar buɗewa yana kan shago na goma sha tara. Rataye takardar a bango zai sa dole a ɗaga biron, saboda haka ya ce a bar ta a kan tebur. Na sake rubuta katin: "Ana kan aiki." Ban taɓa ganin ɗakin ya cika haka ba. Mai walda ya zo da 'ya'yansa mata su ga babansu, mai kemis ta ƙirga kwalabenta ta ce biyu sun ɓata. Tela na zaune a ƙarshen tebur yana zane, mutane na bin layin da yatsa a sama, suna neman inda ya tsinke. Ba su samu ba.

Bayan buɗewar hannun ya kumbura, aikin ya koma shago ɗaya a kwana uku. Bai fasa zuwa ba. Ranar Litinin ya soma zana shago na ashirin da biyu, na Mai Aski, ya yi aiki har la'asar, ya sa wa biron awartaki, ya ce wa Akawu sai da safe. A hanyar gida ya yanke jiki ya faɗi. Kwana biyu ya yi a asibiti, bai farfaɗo ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan mako guda Mai Aski ya shigo, wannan karon ta ƙofa. Layin ya zana kujerarsa, da madubi, da tumbin yadda yake, da hannunsa riƙe da almakashi, ya hau kafaɗa, ya tsaya a wuya. Mai Aski ya sunkuya a kan zanen.

"Shekara talatin ina gyara kan mutumin nan," in ji shi, yana goge ido da tawul, "shi kuma ya tafi ya bar ni ba kai."

Gaba da shagonsa akwai sauran takarda yadi ɗaya da rabi, ba komai a kanta sai alama biyu na allin tela, inda Dogo ya auna wurin da nasa shagon zai zauna.