Matar Rijiya da Abdul-Samed Ya Mayar Namiji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Abdul-Samed, mutumin zangon Kumasi, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a nan Doha. Zuciyarsa ce ta tsaya a wurin aiki. Ya tafi ban huce da shi ba, kuma ya san dalili.

Abdul-Samed, majalisar Juma'a ta unguwar Mansura ni na kafa ta. Na koyar da adabin Turanci a gida kafin ƙasata ta mayar da ni mai gadin sito a Al Wukair, nan wajen Doha, kuma duk abin da ya rage mini daga wancan zamani tsohon littafin nan ne na Amurka: wata mata da mijinta ya mutu, tana tsaron rijiya a hamada, masu neman zinariya suna sha suna wucewa. Na ce bari in karanta wa 'yan'uwa bayan an sauko daga Masallaci. Suka yi ta danna waya. Sai ka ce, "Malam, faɗa mini, ni in faɗa musu." Daga ranar ɗakin ya cika, labarin kuma ya lalace.

Hausarku ta zango ba ta raba mace da namiji. Ya tashi, ya ɗebi ruwa, ya yi kuka. Haka ka yi ta jan baiwar Allah nan, har ranar da ka ce, "Sai ya haihu." Iliyasu direba, mutumin Gusau, ya miƙe tsaye: "Wa ya haihu? Mai rijiyar? Subhanallahi, Turawa!" Na yi maka faɗa a gaban kowa. Ka ce, "Malam, mace ne mana, kowa ya sani. Yalla, zauna."

Na ce maka rijiyar alama ce ta ƙasar da baƙi ke zuba wa ƙarfinsu. Ka ce rijiya rijiya ce, kana so ka san wa ke yashe ta. Shekaru na yi ina wannan bayani a banza.

Ba na musun alherinka. Lokacin da kafil, ubangidan aiki, ya kori Harrison, Kirista ɗan Kafanchan, kai ka ba shi katifarka ka kwana a tabarma. Da zafi ya kwantar da ni, ka gyara na'urar ɗakina da rana tsaka, ka tafi kafin in tashi in gode.

Amma babin ƙarshe ka hana mutane. Na faɗa maka matar ta mutu a bakin rijiyarta, matafiyan da ba su san sunanta ba suka binne ta. Ka ce, "Khalas, Malam. Waɗannan mutane ba za su ji wannan a bakina ba." Kowace Juma'a sai ka ƙago sabon matafiyi ka sa shi a hanya. Har Bazabarme mai tallan agogo ka kai hamadar Amurka! Na ce wannan cin amanar marubuci ne, ka miƙo mini shayi.

Juma'ar da ta wuce Iliyasu ya ce, "Malam, ƙarasa mana, ta koma gida?" Na buɗe littafin, na dubi fuskokinsu, duk mutanen da suka ɗauki makararka ne. Na ce maƙogwarona na ciwo.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Zuwera da 'yarka Alimatu a Kumasi, da jama'ar zango da ke Doha. Allah Ya ba su haƙuri.

A nan muka binne shi. Alimatu tana goye ya baro gida, ba ta san fuskarsa ba sai a waya.