Agogon Da Ya Juya Wa Babana Dare Da Rana

Shekarun baya, cikin wata damina, mahaifina ya faɗo daga kan amalanke ya karye a cinya. Mai ɗori ya zo daga wajen Bagwai ya ɗora, ya ce kada a kuskura a motsa shi sai ƙashi ya kama. Aka kwantar da shi a ƙuryar ɗakinsa, inda ko da rana sai an kunna fitila, ga shi an toshe 'yar tagar da buhu saboda feshin ruwa. Baba kuwa dama kunnensa ya yi nauyi, ko ladan zai tsage maƙogwaro ba ji zai yi ba.

Ciwon bai dame shi kamar rashin sanin lokaci ba. Maganin da ake ba shi yana sa shi barci ba ƙa'ida. Da ya farka sai ya hau kira: "Kai! Safiya ce ko yamma? Na yi salla kuwa?" Mutumin da tun tasowarsa ba a taɓa riga shi sahun gaba ba.

Ni kuma a lokacin ba ni da zama. Ciyawa ta cinye gero, gyaɗa tana jira, hannu ɗaya ya ragu a gona. Ko na shiga gaishe shi, ƙafata ɗaya tana waje.

Ran kasuwar Tsanyawa na ga wani agogon hannu wurin mai sayar da rediyo. A fuskarsa akwai 'yar taga, a ciki wani faifai yana juyawa a hankali, rabinsa hoton rana, rabinsa wata da taurari. Mai kayan ya ce hannayen agogo ba su san bambancin shidan safe da shidan yamma ba, wannan tagar ce take faɗa. Na ce alhamdu lillahi, na samo wa Baba mai amsa masa tambaya.

Ya ce, "Tsaya in saita maka ranar da watan."

Na ce, "Malam, motarmu za ta tashi. Agogo ne fa, ba jirgin sama ba."

A cikin mota na murɗa hannayen suka yi daidai da na wayata. Tagar ko kallonta ban yi ba. Na ɗaura wa Baba, na ɗaga murya a kunnensa: in ya ga rana, rana ce, in ya ga wata, dare ne. Ya daɗe yana shafa gilashin da ɗan yatsa, ya sa mini albarka.

Kiran ya tsaya, na samu sakewa. Sai kuma wani abu ya ɓullo.

Mahaifiyata ta tare ni a bakin rumbu, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce da magariba Baba ya ce mata ina kwana, ya nemi koko, ya yi taimama ya sallaci raka'a biyu. Ta kai masa abincin rana ya ce wane irin ci ne da tsakar dare. In kowa ya kwanta kuma, idonsa biyu, yana faɗan me ya hana mu tafiya gona.

"Na ce masa dare ne, ya ce agogo ya ce rana ce. Kai, agogo magana yake yi?"

Na shiga na kama hannunsa na duba. Hannaye daidai da waya. Tagar kuma rabin rana, rabin wata. Abin da ban gane ba shi ne, ni ba na shiga ɗakin sai zan fita gona da sassafe ko na dawo da almuru, kuma a lokutan nan biyu haka tagar take, rabi da rabi. Na fito na ce wa Inna agogo lafiyarsa ƙalau.

Ta ce, "To, in agogo lafiya..." Ba ta ƙarasa ba, ta sa gefen mayafi a ido.

Kafin mako ya zagayo magana ta bi maƙwabta: faɗuwar nan ta taɓa wa Baba kai. Masu dubiya suka fara yi masa magana irin wadda ake yi wa yaro. Ni barci ya ƙaurace mini, a gona in kafa fartanya in tsaya ina kallon gida. Shi ma Baba ya daina musu. Wata safiya ya riƙe mini riga ya ce, "Ɗan nan, in hankalina ne ya tafi, ka gaya mini tun ina iya ji. Kada ku bar ni ina yi wa Ubangiji salla a juye."

A ranar na nemi abokina mai bas, muka shirya a kai shi asibitin birni, ko mai ɗori ya yarda ko bai yarda ba.

Abokina ya makara kamar kullum, sai da rana ta take ya iso. Muka ɗauko Baba a kan ƙyauren ƙofa, muka ajiye shi a tsakar gida kafin a gyara kujeru. Hadari ya washe, rana tsaka, kaji sun fake a gindin rumbu. Baba ya runtse ido, ya buɗe. Ya dubi sama. Ya dubi hannunsa. Ya sake duban sama.

"Zo nan. Wancan mene ne?"

Na ce, "Rana ce, Baba."

"Wannan fa?"

Na sunkuya. Wata ne cikakke a tsakiyar tagar, har da taurarinsa.

Muryar mai rediyo ta dawo mini. Na kwance agogon, na yi ta murɗawa har hannayen suka zagaye fuskar gaba ɗaya suka dawo inda suke. Wata ya nutse, rana ta hau.

Abokina ya leƙo ya ce, "Shege, ashe kai ya kamata in ɗauka!"

Inna tana dariya tana kuka. Ta ce wa Baba, "Malam, mu duka muna ce maka dare ne, ka ƙi mu ka bi ƙarfe?"

Ya ce, "Ba ƙarfe na bi ba. Yaron nan ne ya saita shi da hannunsa."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Bas ta koma ba kowa. Baba ya ce ba zai koma ƙurya ba, a yi masa shimfiɗa a rumfa inda zai ga inuwa tana tafiya. Na ɗauki fartanya zan sulale, ya ce, "Ina zuwa? Ajiye. Sallolin da na juya ramawa zan yi, kuma kana zaune a nan za a rama su."

Na zauna. Gero ya jira.

Baba ya warke, ya taka da ƙafarsa har gona shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa. Agogon yana hannuna yanzu. Har yau in rana ta take, ko me nake yi sai na tsaya na leƙa tagar nan. Kullum rana nake gani. Abin da ban iya murɗawa ya dawo ba shi ne tsakar ranakun da ya yi shi kaɗai a cikin duhu yana zargin hankalinsa, ni kuwa ina bayan katanga ina fama da ciyawa. Allah ya jiƙan Baba, ni kuma ya yafe mini.