Kujerar Baya a Motar Odília

Duk mai aiki a tashar jiragen ruwa ta Funchal ya san Odília Spínola. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta sa takalmi mai tsini, kuma da sassafe za ka same ta a gindin tsanin jirgi ta ɗaga allo mai lamba sama da kanta, tana jiran fasinjoji su sauko ta zuba su a bas ta zaga da su tsibirin Madeira. 'Yar masunci ce daga Câmara de Lobos. Turancinta a shagon sayar da ɗinkin hannu ta koye shi tun tana budurwa, wajen ciniki da matan Ingila, shi ya sa har yau idan ta yi magana a lasifika sai ka ji kamar wata tsohuwar Baturiya ce ke yi wa jikokinta bayani.

Abin da aka fi saninta da shi, ba ta taɓa dawo da mota a makare ba. Jirgi yakan jira motar da kamfaninsa ya ɗauka idan ta yi latti, amma kyaftin ba ya mantawa, ofishin da ke raba wa masu jagora aiki ma ba ya mantawa. Ta taɓa barin wani Bajamushe a shagon giya, ta taɓa barin wasu sababbin ma'aurata a bakin coci suna hoto. Duka sun biyo ta a tasi suna kumfar baki, duka kuma sun shiga jirginsu.

Aikin ya fi zafi sau biyu a shekara. Da kaka jiragen kan bar Bahar Rum su nufi Karibiyan, Madeira ce ƙasa ta ƙarshe da za su taɓa kafin kwanaki na ruwa zalla. Da bazara kuma su juyo, ita ce ta farko. Odília tana rarrabe mutanen daga tafiyarsu kawai. Masu dawowa kan sauko ƙafa a ware suna tangaɗi, su tsaya suna kallon ciyawa kamar ba su taɓa ganinta ba. Masu tafiya kuwa a gaggauce suke, hannu cike da tsaraba, ido a kan agogo, don sun san wanda jirgi ya bari a nan sai dai ya bi shi ta sama.

Mijinta Anselmo yana cikin ɗaya daga jiragen nan. Abinci yake rabawa a babban ɗakin cin abinci, aikin da yake yi tun kafin su yi aure. Ranar da jirginsa ya tsaya a Funchal, ranar ce kuma matarsa ta fi kowace rana aiki, don mutanen jirgin nasa ne take kwasa. Shekarunsu na farko, ɗaga wa juna hannu kawai suke yi daga nesa. Daga baya suka samo dabara. Jirgi yakan saka ma'aikacinsa ɗaya a kowace mota ya raka fasinjoji, ya riƙe jakar magani, ya tabbatar ba a bar kowa ba. Anselmo ya riƙa roƙon a ba shi wannan aiki, a kuma sa shi a motar Odília. Kujerarsa ita ce ta can baya, kusa da taga.

A wannan mota suka yanke shawarar makarantar da 'yarsu za ta shiga, a nan suka yi faɗa a kan launin fentin gida. Tana gama yi wa baƙi bayanin gonakin ayaba sai ta kashe lasifika ta juya harshen gida, shi kuma ya amsa daga baya ta saman kawunan mutane. Wata shekara ta manta ba ta kashe ba, mota duka ta ji tana ce masa ya yi tumbi. Ba wanda ya fahimta sai Belmiro direba, wanda ya kusa hawa katanga don dariya, kuma har yau bai bar zancen ba.

Bana abin ya zo da nauyi. Jim kaɗan bayan wucewar jirgin bazara, Dona Arminda, mahaifiyar Anselmo, ta faɗi a matakalar gida ta karya ƙugu. Tun daga nan ba ta sake tashi da ƙafarta ba, hankalinta ma ya fara zuwa yana komawa. Odília ce ke ɗaga ta safe da yamma, ta yi mata wanka, ta canja shimfiɗa, da rana kuma wata maƙwabciya, Zita, ta leƙo. Hutun Anselmo ya kamata ya faɗo a tsakiyar shekara, sai aka roƙe shi ya ƙara watanni saboda ƙarancin ma'aikata, ya ƙara. Uwar tasa a waya kawai yake ganinta, a gyare, an tsefe mata gashi an jingina ta da matashi.

Gadon bayan Odília ya fara ƙin aiki. Likita ya gaya mata ba tare da kwana-kwana ba cewa in ta ci gaba da ɗaga mutum ita kaɗai, nan gaba kaɗan ita ma sai an ɗaga ta. A makon da jirgin kaka zai iso, aka kira ta daga gidan tsofaffi na coci da ke can saman gari, aka ce gado ya samu, ana son amsa kafin Asabar. Ba ta son kai ta. Tsohuwar nan ce ta goya mata 'ya duk shekarun da take bin motoci, kuma ko a cikin rikicewarta hannun Odília take lalube idan ta tsorata. Amma ita kaɗai ba za ta iya kai ta bazara ba, wannan ta san shi kamar yadda ta san hanyoyin tsibirin. Ko Anselmo ya bar aikin jirgi ya sauka, ko Dona Arminda ta tafi gidan tsofaffi. Ta gaya masa haka a waya. Ya ce ta yi haƙuri su tsallaka teku tukuna, idan ya dawo da bazara sai su zauna su yi magana a tsanake. Ba ta ja zancen ba.

Jirgin ya iso da safiyar Alhamis, ana yayyafi kaɗan-kaɗan. Ta kwashi mutanenta, yawancinsu tsofaffi 'yan Kanada da Amurka masu komawa gida. Anselmo ne ya sauko a ƙarshe, cikin farar rigar jirgi, jakar magani a kafaɗa, ya yi aski ya sha turare.

Belmiro ya leƙo ta taga. "Ga angon rabin yini nan. Shigo da sauri, kada amarya ta bar ka kamar Bajamushe."

"Kai dai riƙe sitiyari, tsoho, ka bar manya su gaisa."

Ya sumbace ta a kumatu. Ta ce masa ya rame, ta nuna masa kujerarsa.

A kan tsaunin Cabo Girão, yayin da baƙi ke takawa a hankali kan daɓen gilashi suna leƙen teku a ƙarƙashin ƙafafunsu, ya jawo ta gefe ya ba ta tsarabarta: turare, da man shafawa na ciwon baya da ya ce wani ɗan Filifin ya rantse masa da shi. Sannan ya faɗi labarin da ya taho da shi. Shugaban ɗakin cin abinci zai yi ritaya bayan wannan zango, kuma an nuna masa alamar shi za a ɗora. Abin da ya daɗe yana jira ke nan. Odília ta ce ta taya shi murna, kuma da gaske take. Ta saka man a jaka, ta koma ta tattara mutanenta.

Daga nan suka gangara Câmara de Lobos, garin da gidansu yake, inda akan saki baƙi su ɗan zaga, su kalli kwale-kwalen masunta, su ɗanɗana poncha, giyar rake ta garin, a ƙananan shagunan bakin ruwa. Al'adar su biyun ce a wannan lokaci su sayi gurasa mai man tafarnuwa su zauna a kan katangar tasha, ƙafafu na lilo, kamar saurayi da budurwa. Sai ya hau gida a guje ya gai da uwarsa a tsaye, ya dawo. Yau kafin ya nufi mai gurasa ta ɗora masa makulli a tafin hannu.

"Yau babu zaman katanga. Na sallami Zita. Mama tana jiran a ɗaga ta, a canja mata, a ba ta abinci. Miya tana kan murhu, ɗumamawa kawai za ka yi."

"Odília, ina bakin aiki fa."

"Ni ma kullum a bakin aiki nake. Ka san lokacin da mota ke tashi."

Ya dube ta, ya dubi makullin, ya ajiye jakar magani a wajen Belmiro, ya kama matakalar da ke ratsa gonakin ayaba zuwa gidansu. Ta bi shi da ido har farar rigar ta ɓace a cikin ganye.

Ta koma ga aikinta. Ta nuna wa wani inda zai sayi hular ulu, ta raba wata da mai tallan da ya manne mata, ta gaya wa wani tsoho cewa kofi na biyu na poncha ya fi ƙarfin ƙafafunsa. Wata 'yar Kanada ta tambaye ta ina mutumin nan mai ladabi da ke zaune a baya, shi ne ke kula da teburinsu a jirgi. Ta ce ya je gaida mahaifiyarsa. Matar ta ce abin sha'awa ne.

Lokaci ya yi, kowa ya shiga. Ta bi layin kujeru tana taɓa kowace da yatsa kamar yadda ta saba, duka a cike, ban da ta can baya. Belmiro ya tayar da mota amma bai sa giya ba. Ya ce a ƙasa-ƙasa ko za su ɗan ba shi lokaci, ai mutumin gida ne, ba wanda zai lura. Ta leƙa matakalar, ba kowa sai kyanwa.

"Rufe ƙofa, Belmiro."

Ba ta kira shi a waya ba. Ta san tasi zai iya kai shi tasha da sauran lokaci, don haka ba ta tare masa hanya ba, ta dai bar shi da abin da ya gani. A hanya ta yi bayanin yadda ake kama wani baƙin kifi mai tsawo daga can ƙasan teku, muryarta kamar kullum. Sai dai duk tasin da ya wuce su a titi, sai ta duba kujerar baya.

A tasha ta miƙa mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Jami'ar jirgi mai kula da motoci ta tambayi ina ɗan rakiya. Odília ta ba ta jakar magani, ta gaya mata gaskiya: ya je wajen uwarsa, lokaci ya yi bai dawo ba, ita kuma ba ta jira. Jami'ar ta ɓata fuska ta hau sama tana magana a rediyon hannu.

A kowace rana irin wannan da tuni Odília ta kama hanyar gida. Yau ta tsaya a jikin wani turken ɗaure igiya. Motoci na ƙarshe suka sauke mutane, masu tsaraba suka shigo a guje, masu kwance igiya suka fara taruwa suna jan safar hannu. Wayarta ta yi ƙara.

Anselmo ne. Ya ce ya sami uwarsa a jiƙe, ba ta gane shi ba, sai ce masa take yi yallaɓai tana jan zane tana rufe jiki. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ta, saura kaɗan su zube tare, bai san mutum maras nauyi zai yi nauyi haka ba. Ya dai samu ya gyara ta. Abinci kuwa ta ƙi, ta kawar da kai. Da ya rasa yadda zai yi sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a tire, ya rataya tawul a hannu, ya tsaya a gefenta ya rusuna ya tambaya ko uwargida za ta so a kawo miya. Ta gyara zama ta shanye tas, ta kuma ce a gaya wa mai girki gishiri ya yi kaɗan.

"Likita ne ya hana," in ji Odília.

"Na yi magana da shugabana. Ya ce in yi tunani, na ce na yi. Ki ga wakilin jirgi, ya karɓo mini fasfo ɗina."

"Kayanka fa?"

"Su je su sha rana, sa dawo da bazara."

Ta tambaye shi ko ya kashe murhu. Ya ce bari ya duba.

Wakilin jirgin ya sauko da fasfon dab da za a janye tsani, ya ba ta, ya ce ba zai iya cewa kamfani zai sake ɗaukar Anselmo ba, shugabancin ɗakin abinci dai ya tafi. Ta ce sun sani. Aka saki igiyoyi, jirgin ya ja da baya a hankali ya juya hanci zuwa yamma, mutane a saman bene suna ɗaga hannu ga duk wanda ke tsaye.

Kafin ta kai tashar motar gari ta kira gidan tsofaffi, ta ce a ba na gaba gadon. Sistar da ta ɗauka ta tambaye ta ko ta tabbata, don ba a san ranar da wani zai sake samuwa ba.

"Na tabbata, Sista. Na samu mataimaki. Bai iya ɗagawa ba tukuna, amma zai koya."