Masuncin Tagulla da Dusar Inna Fumie

A duk garin Takaoka na Japan babu wanda ya kai taubashina Tokuji cika baki, shi ma ya sani. Shekara arba'in yana rina tagulla. Ya shafe ta da dusar shinkafa da gishiri, ya gasa, ya goge, sai sabon abu ya fito kamar ya yi zamani da kakan kakanka. Amma a da, tambaye shi inda ya koya, nan take tari zai sarƙe shi.

Yana da shekara sha tara ya ɗauko mutum-mutumin masunci na tagulla da kakan babansa ya zuba, ya ce datti ya yi masa yawa. Ya dirje shi da toka har ya yi ƙyalli kamar butar shayi. Launin shekara ɗari ya bi ruwa kafin shinkafar rana ta nuna. Da hankalinsa ya dawo, sai ya saci dusar da mahaifiyarsa, Inna Fumie, ke tsima kayan lambu a ciki. Mako guda yana ɓoye a rumfar itace, shafa, gasa, shafa, gasa, sannan ya lallaɓa ya mayar da masunci ɗakin baƙi. Tun daga ranar, ko ƙuda ya sauka a kan masuncin sai gaban Tokuji ya faɗi, kada tsohuwa ta gane.

Bara wani masanin kayan tarihi ya zo daga Tokyo duba masuncin. Inna na gefe da shayinta. Tokuji ya durƙusa, gumin da ya zubar ya isa a yi dashen shinkafa.

Masani ya jujjuya, ya haska, ya rusuna wa masuncin. "Wannan launi ba aikin hannu ba ne. Shekaru ne kawai ke yin sa."

Tokuji ya tsira ke nan. Ya yi shiru mana! Ina.

"Ranka ya daɗe, waɗanne shekaru? Ni ne nan! Kwana bakwai!"

Masani ya yi murmushi. "Baba akwai barkwanci."

Inna ta ajiye kofi. "Gaskiyarsa ne, Malam. Rabin dusata ya ɓace, masunci kuma ya shekara yana warin tsami. Baƙi har tambaya suke me na dafa."

"Inna, dama kin sani?"

"Kai, sakarai. Da na yi magana, da yaushe za ka koyi sana'a?"

Yanzu Tokuji da kansa yake ba da labarin. A bakinsa dai, kwana bakwai ɗin sun koma uku.