Dabinon Siririya

Aikina a otal ɗinmu na Palm Springs shi ne in gaya wa baƙi abin da za su yi da ranarsu. Ƙwallon lambu, wato golf, da safe, hawa dutse a motar igiya, sannan a kwanta bakin wurin ninkaya ana gasuwa kamar kifi. Mutum ya biya kuɗin jirgi ya zo hamada, ya tsaya gabana yana tambaya ko akwai abin kallo. To, akwai Baba Anselmo, amma shi ba a tambayarsa.

Anselmo Ruelas mahayin dabino ne tun yana saurayi, a gonakin garin Indio. Shekarar da ya auri Ofelia ya ciro wani ɗan dabino daga gindin uwarsa ya dasa a bakin gonar maigidansa. Ofelia ta dube shi ta ce wannan ramammen ba zai yi rai ba, ta sa masa suna Siririya. Bishiyar ta yi rai, ta haihu, kuma duk kaka sai Ofelia ta ɗanɗana na farko ta taɓe baki ta ce ya yi gaggawar tsinkewa. Haka suka tsufa, yana tsinka tana ƙorafi.

Dabino in ya yi tsawo da yawa, manomi ya gama da shi. Sai a tuge shi a sayar wa otal don ado. Da aka ɗora Siririya a tirela, Baba Anselmo ya bi bayanta a tsohuwar motarsa har ƙofarmu, ya nemi aikin lambu. Aka ɗauke shi, aka kuma ba shi aikin da ya fi ƙi: sare furen dabino kafin ya yi 'ya'ya, don kada su zubo su ɓata daɓen wurin ninkaya. Ya yi ta sarewa shekara da shekaru.

Sannan Ofelia ta fara mantuwa. Da farko makulli, daga baya hanyar coci, a ƙarshe shi kansa. Takan kira shi "bawan Allah", ta yi masa godiya in ya ba ta ruwa. Wannan godiyar ce ta fi ci masa rai.

A watan Maris na gan shi a kan injin ɗaga mutum, yana cusa wani abu fari a cikin furen Siririya. Auduga ce da ya barbaɗa wa garin furen namijin dabino, ya samo a gonar abokinsa. Ya sare sauran furen, ya bar nono ɗaya, wato reshen da zai ɗauki 'ya'ya.

Na ce, "Baba, kana neman a kore ka ke nan."

Ya ce, "'Yar nan, ke dai ki je ki aika Turawanki hawa dutse. Ba ki ga komai ba."

"Na Mama Ofelia ne?"

Ya sauko yana kaɗe hannu. "Harshe ba ya mantuwa da wuri. Haka nake zato, ban sani ba."

Zafi ya shigo, baƙi suka watse, nonon ya yi nauyi. Ya ɗaura masa farin buhu saboda tsuntsaye, kuma buhun ne ya tona shi. Manajarmu, Misis Kessler, mace ce da ganye ɗaya a ƙasa kan hana ta sukuni. Ta ɗaga kai ta ce a sare kafin yamma, ko kuma mai buhun ya nemi wani wurin.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce mata ai na riga na gaya wa baƙin Satumba akwai kallon tsinkar dabino a bakin ruwa, har wasu sun ce a tashe su. Ba ƙarya na yi ba, tun Yuli nake tallarsa. Ta harare ni ta ce in ƙwaya ɗaya ta faɗo, ni zan goge da rigata.

Ranar tsinka ya zo da Ofelia a keken guragu, cikin rigar zuwa coci. Baƙi suna ta ɗaukar hoto, ita tana kallon ruwa. Ya sauko da kwandon, ya zaɓi mai laushi, ya cire ƙwallon ya durƙusa.

"Ga shi, Hajjaju ta Indio, ki taɓa."

Ta karɓa ta ce, "Na gode, bawan Allah." Na ga kafaɗarsa ta faɗi, ni ma na ji kamar in bar wurin.

Ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa. Sai ta taɓe baki, ta ɗago ta dube shi.

"Anselmo, kai dai ba ka da haƙuri. Da ka bar shi ya ƙara kwana biyu."

Ya ce, "Haka ne, Ofelia. Baɗi zan jira." Yana dariya, hawaye na bin gemunsa, ya miƙa mata na biyu.